Mira, tauraruwar da ke ɓuya ta dawo duk bayan kwana 332

Akwai wata tauraruwa da in ka nuna wa mutum ita yau, ka sake kawo shi wurin bayan wata huɗu, zai rantse maka ƙarya ka shirga masa tun farko. Haka muka yi da ƙanena. Wani dare a ƙarshen damina an ɗauke wuta, unguwa ta yi baƙi ƙirin, ruwa ya wanke sama tas, muka hau soro na nuna masa ita, ja-ja haka kamar garwashin da ya fara mutuwa, ya kalla ya taɓe baki ya ce ai wannan ba wata abar a zo a gani ba ce. Na ce to ka dai riƙe wurin. Da sanyi ya shigo muka koma, ya duba ya duba, ya juyo ya ce, "Yaya, ko dai ba nan ba ne?" Nan ne fa. Maƙwabtanta duk suna inda ya bar su, ita kaɗai ce babu.

Sunanta Mira, tana cikin rukunin taurarin da Turawa ke kira Cetus, Larabawa su ce Ƙaiɗas, wani dodon kifi ne na tatsuniyar Girkawa. Tana daga cikin irin taurarin da ake kira jajayen ƙatti, wato tsofaffin taurari da suka kumbura suka huce har launinsu ya koma ja, kuma ita ce ta farko da ɗan Adam ya tabbatar haskenta na hawa da sauka a kan ƙa'ida. Nisanta da mu kimanin tafiyar haske ta shekara 300 ne, ka ga ke nan hasken da muka gani a kan soro ya baro ta tun kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754.

Wanda ya fara lura da ita wani fasto ne, David Fabricius, a yankin Firisiya ta Gabas da ke arewacin Jamus a yau. A watan Agusta 1596 yana auna matsayin wata duniya da asuba, shi a zatonsa Makyuri ce, daga baya lissafi ya nuna Jupita yake kallo, to yana buƙatar wata tauraruwa a kusa da zai kafa awonsa da ita sai ya ɗauki wata mai matsakaicin haske da bai taɓa gani a taswira ba. Kafin ƙarshen watan ta ƙara haske, zuwa Oktoba ta ɓace ɓat. Bai wani ruɗe ba, don a 1572 Tycho Brahe ya ga wata sabuwar tauraruwa da ta haska sama ta mutu ba ta dawo ba, sai ya ɗauka irinta ce. Sai ga ta kuma a Fabrairu 1609, a wuri ɗaya, abin da sabuwar tauraruwa ba ta yi.

Shi wannan bawan Allah ƙarshensa abin tausayi ne, a 1617 ya hau mumbari ya yi wa wani mutumin ƙauyen habaici kan satar dinya, mutumin ya tare shi ya maka masa shebur a ka ya mutu. Bai rayu ya san me ya gano ba.

Abin dariya kuma a tsakanin ganinsa na farko da na biyu, a 1603, Johann Bayer ya fitar da taswirarsa ta taurari ya saka ta a ciki ya ba ta harafin Girkanci omikron kamar kowace tauraruwa, bai san ya ci sa'a ne ya same ta a lokacin da ta fito ba, har yau sunanta na hukuma Omicron Ceti. Waɗanda ba su ci wannan sa'ar ba suna da yawa kuma manya ne. Babu ita a jerin Batlamus, masanin taurari na zamanin da, babu ita a littafin Abdurrahman as-Sufi na shekarar 964, babu ita a jerin Ulugh Beg na Samarƙand. Maƙwabtanta kuwa da yawa sunan Larabci gare su, Menkar daga minkhar wato hanci, Diphda daga kalmar kwaɗo, ita ko ba ta samu suna ba sai a 1662 da Johannes Hevelius na birnin Danzig ya raɗa mata Mira, da Latin ma'anarsa abar mamaki. Kafin nan a 1638 Johannes Holwarda ya gano cewa wata goma sha ɗaya take yi ta dawo, sannan Bafaranshe Ismail Bouillaud ya tace lissafin ya ce kwana 333, wanda kwana ɗaya kacal ya kauce wa 332 da ake amfani da shi yanzu. Da ido da alƙalami kawai fa.

To bari a yi maganar girman canjin, don nan ne lamarin yake. Masana taurari suna da wani ma'auni na haske mai tafiya a baibai, in lamba ta yi ƙasa haske ya yi yawa, kuma duk tazarar maki 5 ninki 100 ce. Ido lafiyayye a wuri mai duhu yana tsayawa a wajen maki 6. Mira in ta cika tana kaiwa wajen 3.5 a yawancin zagaye, wani sa'in ta yi rowa ta tsaya kusa da 5, wani sa'in ta yi bajinta ta kai 2, William Herschel ma a 1779 ya gan ta ta kusa kamo Aldabaran, jar tauraruwar nan da ke bin Kaza da 'Ya'yanta a baya. In ta sauka kuma tana zuwa tsakanin 8.6 da 10.1. Daga mafi haskenta zuwa mafi duhunta da aka taɓa rubutawa ninki kusan 1,700 ne. Hawan yana da sauri, wajen kwana 100, saukar kuma ta ninka haka, a hankali take janyewa kamar mai jin kunya. Kuma ba agogo ba ce, 332 ɗin matsakaici ne, tana iya riga lokaci ko ta makara da 'yan makonni, babu mai iya faɗa maka tun yanzu ko cikar da ke tafe za ta yi kyau ko ba za ta yi ba.

Bouillaud ya ce ai juyawa take yi, gefe ɗaya haske gefe ɗaya duhu, in ta juyo mana da baƙin gefen sai ta ɓace. Gaskiya a zamaninsa wannan magana ce mai ma'ana, an riga an ga baƙaƙen tabo a fuskar rana, ɗan Fabricius ɗin ma, Johannes, shi ya fara buga littafi a kansu a 1611. Matsalar ita ce abin da ke juyawa ba ya makara, kuma ba zai yi haske sosai bana ya yi kaɗan baɗi ba. Wata tauraruwa ce ke gittawa ta gabanta? Haka wata tauraruwa mai suna Algol ke yi, amma nata daidai yake zuwa har minti, Mira ba haka take ba. Sai da aka samu na'urar da ke tsaga haske kala-kala aka ga layukan da ke cikin haskenta suna matsawa gaba su dawo baya, alamar fuskar tauraruwar tana tahowa wajenmu tana komawa, sannan aka gane numfashi take yi. Kumbura take ta motse.

Yadda abin yake shi ne, Mira nauyinta bai fi na rana da wani abin kirki ba, kamar ninki 1.2 ne, amma ta tsufa, haidurojin ɗin cikinta, wato iskar da take ƙonawa ta yi haske, ya ƙare, hiliyam ɗin tsakiya ma ya ƙone ya bar dunƙulen kabon da oksijin wanda girmansa bai wuce na duniyarmu da yawa ba. Wutar yanzu a gefen dunƙulen take ci, ɓawo biyu, na hiliyam daga ciki na haidurojin daga waje, su kuma zafinsu ya hura sauran jikin har ya kai faɗin rana sau 330 zuwa 400. In ka ɗauke rana ka ajiye ta a wurin, Makyuri da Zahra da duniyarmu duk suna cikin cikinta, gefenta yana taɓa hanyar Mirriku. Nauyi ɗan kaɗan a wuri mai faɗi haka, ka san jikin fanko ne, iskar da ke bakinta ta fi iskar da muke shaƙa sirantaka nesa ba kusa ba, kuma jan da take wa fatarta ta waje ba shi da ƙarfi sam.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da murhu ya ga murfin tukunya yana rawa ya riga ya san sirrin. Tururi ya taru, ya ɗaga murfi, ya fice, murfi ya faɗo, tururi ya sake taruwa. A cikin Mira akwai wani shimfiɗi na iska da in an matse shi sai ya toshe hanyar zafi maimakon ya bar shi ya wuce, zafi ya taru a ƙarƙashi ya tunkuɗa komai waje, in ya faɗaɗa ya huce sai hanya ta buɗe zafi ya tsere, nauyi ya jawo kayan su faɗo ciki, a sake sabon lale. Arthur Eddington ne ya fara kawo wannan tunani na murfi ga taurari masu numfashi. A Mira kuma abin ya haɗu da tafasa, jikinta na zaɓaɓɓaka kamar talge, manyan kumfa suna tasowa daga ciki, kuma ni a ganina wannan ne ya sa ba ta taɓa maimaita zagaye biyu iri ɗaya sak ba.

Amma fa ga inda lissafi ya ƙi fita. Kumburin nata bai kai ya kawo ninki ɗari ba balle dubu. Zafin fuskarta ma ɗan sauyi yake yi, yana yawo a wajen digiri 2,800, rana kuwa tana da kusan 5,500 a ma'aunin salshiyos. In ka tara dukkan ƙarfin da take fitarwa, wanda ya ninka na rana sau dubu takwas zuwa tara, za ka ga tsakanin cikarta da ramarta bambancin ninki kaɗan ne, bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. To ina hasken yake tafiya?

Je ka maƙera ka tsaya. Ƙarfe in ya sha zuga fari yake fitowa, maƙeri ya ɗora a uwar maƙera yana duka ya koma ruwan ɗorawa, ya koma ja, ya koma ja mai duhu, can sai ka ga ya yi baƙi kamar ya huce, kai hannu ka sha mamaki. Zafin yana nan, ya dai koma irin hasken da ido ba ya kamawa, infirared, irin wanda ke fita daga bakin rimot ɗin talabijin. Mira dama can a bakin wannan iyakar take zaune, mafi yawan haskenta infirared ne ko a ranar da ta fi haske, abin da muke gani ɗan ɓurɓushi ne, don haka da ta ɗan huce sai ɓurɓushin ya zube ƙasa warwas.

Wannan rabin amsar ne. Ɗaya rabin, wanda ya fi burge ni, Mark Reid da Joshua Goldston suka yi bayaninsa a 2002. In ta kumbura iskar da ke kewaye da ita ta yi sanyi, sai ƙwayoyin taitaniyam da oksijin su samu damar haɗuwa, su zama taitaniyam oksaid, ɗan uwan sinadarin nan da ake sawa a farin fenti da man kare fata daga rana. Shi kuwa wannan abu maye ne wajen shanye hasken da ido ke gani, infirared kuma ya bar shi ya wuce abinsa. Tauraruwar da kanta take saƙa mayafi ta lulluɓa, kamar garwashin da toka ta rufe, ka zo da safe ka ɗauka wuta ta mutu sai ka tona ka ga ja. In ta motse ta yi zafi mayafin ya wargaje sai ta bayyana. Abin da zai ba ka mamaki ke nan, a lokacin da ta fi ƙanƙanta da zafi ne take fin haske a idonmu, lokacin da ta fi girma kuma ba ka ganinta. Da idonmu infirared yake gani da Fabricius bai lura da komai ba, da ƙanena ma bai tuhume ni ba, don da tana cikin manyan taurarin sama dare duk dare.

Kowane numfashi kuma da asararsa. Bugun da take yi yana tura igiyar girgiza ta ratsa iskar waje, ta cilla wani kaso nesa inda sanyi ya isa ƙura ta ƙulla, hasken tauraruwar ya tura ƙurar, ƙurar ta ja iska ta tafi da ita, ba dawowa. An ƙiyasta duk shekara goma tana zubar da abin da ya kai nauyin duniyarmu.

Wani kason na wannan zubarwa akwai mai tarewa. A 1918 Alfred Joy a cibiyar kallon taurari ta Dutsen Wilson ya lura in Mira ta dushe akwai wani shuɗin haske da bai kamata a ce jar tauraruwa mai sanyi tana da shi ba, ya yi zargin akwai wata a gefe, a 1923 Robert Aitken ya duba da babban madubin hangen nesa na cibiyar Lick ya gan ta. Ita ce Mira B, tazararsu kamar nisan duniya da rana sau 70, ya fi ninki biyu na nisan Naftun, kuma zagaye ɗaya yana cin su kusan shekara 500, tun da aka gano ta ko rubu'in hanya ba ta yi ba. Na'urar Hubble ta raba su a hoto a 1995, a 2005 kuma aka fitar da hoton na'urar Chandra, mai ɗaukar irin hasken da ake hoton ƙashi da shi a asibiti, aka ga kamar wata gada ta iska tsakaninsu. An ɗan yi ja-in-ja kan ko mece ce ita Mira B ɗin, a 2007 wasu suka ce ƙaramar tauraruwa ce ta yau da kullum da faifan ƙura a kewaye, a 2010 wasu suka auna yadda haskenta ke ƙyaftawa cikin mintuna suka ce a'a, wannan sai farar wada, wato gawar tauraruwar da ta riga ta gama irin wannan rayuwar. In haka ne to Mira tana zaune ne kusa da abin da za ta zama, tana kuma ciyar da shi.

Sauran da wadar ba ta kama ba fa? Shekara 400 ana kallon wannan tauraruwa, da ƙyar in akwai wata mai canzawa da aka fi rubuta haskenta, kowa ya ɗauka an gama saninta. Sai a 2007 wani tauraron ɗan Adam na NASA mai suna GALEX, da aka harba a 2003 don ya leƙa gungun taurari masu nisa da hasken da ya zarce shunayya, aikinsa ma ba Mira ba ne, yana share sama ne kawai ya bi ta kanta, sai masu duba hotunan suka ga wani abu kamar tauraruwa mai wutsiya. Wutsiya ce kuwa, tsawonta tafiyar haske ta shekara 13, kusan ninki uku na nisan da ke tsakaninmu da tauraruwar da ta fi kusa da rana, a sama ta kai faɗin cikakken wata huɗu a jere. Ashe Mira gudu take, kilomita 130 a daƙiƙa ɗaya, Kano zuwa Kaduna kafin ka ƙirga biyu, tana keta siririyar iskar da ke tsakanin taurari, a gabanta iska ta taru ta yi baka kamar ruwa a goshin kwalekwale, abin da take zubarwa kuma yana zuba a baya kamar ƙurar babbar mota a hanyar burji. Christopher Martin na jami'ar Caltech da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa ƙarshen wutsiyar ya fita daga jikinta shekara 30,000 da suka wuce, kuma kayan da ke ciki sun isa a gina duniya irin tamu 3,000. Ba a taɓa ganin irin wannan a jikin wata tauraruwa ba kafin nan. A 2015 kuma na'urorin ALMA da ke hamadar Atakama a Chile suka hango wani tabo mai tsananin zafi a fuskarta, abin da ba a yi tsammani daga tsohuwa mai sanyi haka ba.

Kabon da oksijin da ke cikin wutsiyar nan su ne za su gauraya da gajimaren sararin sama wata rana a ƙera sababbin taurari da su. Ita kuma za ta ci gaba da zubewa har fatar ta ƙare, dunƙulen tsakiya ya fito tsirara da zafinsa ya haska abin da ta zubar na ɗan lokaci, sannan ya zauna farar wada yana hucewa. Ba za ta fashe ba, nauyinta bai kai ba. Rana ma hanyar ke nan a gabanta, masana sun ce nan da shekara wajen biliyan 5 za ta fara kumbura, shi ya sa masu bincike ba sa gajiya da Mira, kuma yanzu an san dubban taurari irinta, duka da sunanta ake kiransu.

Mu a nan muna da sa'ar wuri, don tana kusa da tsakiyar sama, digiri 3 kacal kudu da layin da ya raba sama biyu, daga Kano ko Zinder ko Sakkwato in ta hau tana zuwa kusan bisa kai. Daga Oktoba zuwa Janairu da daddare ne ta fi sauƙin samu, daga ƙarshen Maris zuwa Yuni kuma rana ta rufe yankin gaba ɗaya. Abin da ke ɓata lissafi shi ne 332 ɗin nan, kamar yadda azumi ke matsowa da kwana 11 duk shekara haka cikar Mira ke matsowa da wajen kwana 33, don haka akwai shekarun da take cika a bayan rana babu wanda ya gani, sai ka jira ta zagayo. Ga kuma hazo, in hunturu ya yi hunturu ko Kaza da 'Ya'yanta da ƙyar kake gani balle ita.

In za ka gwada, ka samo Kaza, ka gangara kudu maso yamma har ka kai Menkar, ita ma ja-ja ce, makinta 2.5, ka ci gaba a wannan layin ka wuce wasu biyu masu maki 3.5 da 4, sai wurin Mira. Waɗannan ukun su ne sikelinka, ka kalle ta ka kalle su ka ce ta fi wannan ba ta kai waccan ba, ka rubuta lamba da kwanan wata, kar ka daɗe kana zura mata ido don jan haske yana yaudara, in ka ƙura masa sai ya yi ta ƙaruwa a idonka. Irin wannan awon na 'yan sa-kai ne ƙungiyar AAVSO ta Amurka ke tarawa tun 1911, kuma daga ko'ina a duniya suna karɓa. Ƙanena yanzu shi ke riƙe da littafin, wani tsohon littafin lissafi mai gida-gida, sati-sati yake cikawa, shafuka da yawa ba komai a ciki sai kwanan wata da kalma uku, ba ta nan.